Ga mai tambaya kan Talking Heads da kiɗan Fela

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A shirinmu na daren Asabar an karanta saƙonka kowa ya ji. Ka ce me ya sa nake yawan sako Talking Heads, alhali Turawa ne da suka wawushe kiɗan Fela suka ci kuɗi da shi. Lokaci ya ƙure mana ranar, shi ya sa na zauna in amsa maka a rubuce.

Talking Heads ƙungiyar makaɗan rok ce ta Amurka, su uku suka fara a birnin New York a 1975: David Byrne, da Chris Frantz mai ganga, da Tina Weymouth mai jitar bes, dukansu sun yi karatu a makarantar zane ta Rhode Island. Wasansu na farko a gidan rawa na CBGB ne, suna share wa ƙungiyar Ramones fage. 'Yan kiɗan "punk" (rok mai zafi da sauri) na wancan zamani rigar fata ce da hayaniya, su kuwa sai su hau dandamali da 'yar taguwa kamar akawun ofis, Byrne yana waƙa da muryar mutumin da tsoro ya cika masa ciki. Irin wannan salon ne aka laƙaba wa suna "new wave". Na huɗunsu, Jerry Harrison, ya shigo a 1977.

Batun Fela ya zo ne ta hannun furodusansu Brian Eno, wanda ya sa wa Byrne faifan Fela mai suna Afrodisiac na 1973. Da suka je Nassau a Bahamas a 1980 don naɗar faifansu Remain in Light, sai suka ajiye tsarin rok da suka saba. Suka tsaya kan amo ɗaya, kowane abin kiɗa ya kama ɗan gajeren zubi yana maimaitawa, wannan na shiga gurbin da wancan ya bari. Ka sa waƙar "The Great Curve" ta cikin faifan ka kasa kunne: muryoyi kashi-kashi suna hawan juna, jita na karta a ƙarƙashi ba hutu. Wanda ya tashi yana jin kalangu da 'yan amshi ba zai ji baƙon abu ba.

To, sata ce? Ni a ganina a'a. Ba su ɗauki waƙar Fela ko ɗaya ba, hanyar aikinsa suka koya, kuma ba su ɓoye ba. Byrne har sunan littafin John Miller Chernoff kan makaɗan Ghana ya raba wa 'yan jarida. Ɓarawo ba ya nuna gidan da ya shiga.

Inda kake da gaskiya shi ne rabon arziki. A 1984, lokacin da fim ɗin wasansu Stop Making Sense ke zagaya silima, Byrne cikin wata ƙatuwar kwat da ta yi masa yawa, a shekarar ne aka yanke wa Fela ɗaurin shekara biyar a Legas kan batun kuɗin ƙasashen waje. Wannan kam da ciwo. Sai dai ba Talking Heads suka ɗaure shi ba.

Su ma a cikin gida ba su tsira ba. Frantz da Weymouth sun yi ƙorafin an danne sunayensu a faifan Remain in Light, kuma tsamin bai gushe ba har suka watse a 1991. 

A 2018 Angélique Kidjo ta jamhuriyar Benin ta sake rera Remain in Light gaba ɗaya, har da Tony Allen, tsohon mai gangar Fela, cikin makaɗan. Asabar mai zuwa zan sa "The Great Curve" na Kidjo da na asalin a jere, kai kuma ka bugo waya ka gaya mini wanne ya fi.

Ka huta lafiya.