Gawayi ba ya narka tantalam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne a Garwa. Kwanakin nan yara sun dame ni da tambayar matattun wayoyi. Da na bi diddigi, ashe ƙona su suke yi a bayan gari, wai an ce musu akwai koltan a ciki, in ya narke su sayar. Har da ɗan ƙanwata. Makon jiya ya dawo ido jawur, yana tari kamar ransa zai fita, bai samo komai ba sai toka.

Ƙarfen kam akwai shi, sunansa tantalam. Koltan shi ne dutsen da ake fitar da tantalam daga cikinsa, irin wanda ake haƙa a Rubaya, gabashin Kwango. Tantalam yana cikin wasu 'yan ƙananan kondansate, wato abubuwan da ke riƙe caji a cikin waya, masu ruwan ɗorawa ko baƙi, waɗanda wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Amma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3017. Sanholon da masu zubin tukunya ke narkawa, 660 ya ishe shi. Baƙin ƙarfe ma 1538 ne. To ina gawayi, ina tantalam?

Su kansu masana'antun da ke yin kondansaten ba narka shi suke yi ba. Gari suke mayar da shi: a haɗa gishirinsa da sinadarin sodiyam, ya fito lilis. Sai a danne garin da inji a jikin siririyar wayar tantalam, kamar yadda ake buga bulo, a gasa a murhun da aka zuƙe wa iska. Ƙwayoyin su manne da juna ba tare da sun narke ba, a bar ƙofofi a tsakaninsu kamar soso. Waɗannan ƙofofin su ne sirrin, don su ke ba ɗan mitsitsin abu faɗin da zai riƙe caji mai yawa. Zuƙe iskar ma ba ado ba ne, tantalam in ya yi zafi iska yake sha ya lalace. Wato ɗan abin da ke ciki ma, wutar yaran nan ɓata shi take yi.

Na kira ɗan ƙanwar tawa, na ɓare ɗaya da tsinken aiki, na nuna masa ɗan ƙullutun da ke ciki. Ya ce, "Kawu, duka ke nan?" Na ce duka ke nan.

Roƙona ga abokan sana'a a Garwa, Marwa da Kusuri: matacciyar waya ta zauna a akwati, kada a miƙa wa yaro.

Naku,
Mai gyaran waya, Garwa, Kamaru