Yadda ake bin salsala a takardun ƙasar Ailan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi wa 'yan'uwa bayani kan neman asali a ƙasar Ailan, musamman waɗanda auratayya ta haɗa su da mutanen can. Dokar ƙasar ta ba jikan wanda aka haifa a tsibirin damar zama ɗan ƙasa idan ya yi rajista a kundin waɗanda aka haifa a waje, amma sai ya kawo takardun haihuwa da na aure da suka haɗa shi da kakan, ɗaya na bin ɗaya. A nan ne mutane ke cijewa.

Kuskuren farko shi ne a shiga intanet da sunan dangi kawai. Wanda ya rubuta Murphy ko Kelly tamkar ya tsaya a kasuwar Birnin Kebbi ne yana cigiyar Malam Muhammadu. Abin da ake fara nema a bakin tsofaffin gida da cikin tsofaffin wasiƙu shi ne sunan ƙauye, domin ƙasar a yanke take zuwa ƙananan gundumomi fiye da 60,000, kuma da su ake rubuta mazaunin mutum. Sai addininsa, Katolika ne ko Furotesta, don kowace coci da nata littafi. Daga nan a bi baya baya, daga uwa zuwa kaka, kada a tsallake kowa.

Dole mai bincike ya san gobarar 30 ga Yuni, 1922. A farkon yaƙin basasar Ailan ma'ajiyar takardun gwamnati da ke ginin Four Courts a Dablin, babban birnin ƙasar, ta ƙone, ta tafi da kusan dukkan takardun ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851, da littattafan cocin Angilika masu yawa da aka tara a wurin. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati da kanta ta lalata su tun kafin gobarar. Ta 1901 da ta 1911 sun tsira, kuma ana duba su kyauta a shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, har a ga rubutun hannun maigida da sunan kowa da ya kwana a gidan daren ƙidaya.

Amma a yi hattara da shekaru. Za ka ga tsohuwar da ta ce tana da 55 a 1901, a 1911 ta zama mai 72. Dalili shi ne dokar fansho ta 1908, wadda ta ce sai mai shekara 70 zai karɓa, alhali rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta fara ba sai 1864, saboda haka babu tsohon da ke da takardar haihuwa ta gwamnati da za ta ƙaryata shi. Mu da muka san rantsuwar shekaru a kotu ba za mu yi mamaki ba. A ba da tazarar shekara biyar zuwa goma a kowane bincike.

Rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga 1864 tana shafin irishgenealogy.ie kyauta, sai dai haihuwa sai ta wuce shekara 100, aure 75, mutuwa 50 kafin a buɗe. Takardar aure ta fi amfani, don tana ɗauke da sunan uban ango da na amarya da sana'arsu. Ga mabiya Katolika, kafin 1864 sai littattafan cocinsu, waɗanda suka tsira saboda suna hannun limaman cocin a ƙauyuka. Ɗakin karatu na ƙasa ya ɗora hotunansu a 2015, yawanci har zuwa wajen 1880. Ba a jera su bisa suna ba, shafi shafi ake bi, kuma da yawa da Latin aka rubuta: James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus. Haka nan O da Mac na gaban suna sukan ɓace su dawo, kamar yadda Abubakar ɗinmu ke zama Garba ko Bukar a wata takarda. Idan an rasa ƙauye, kundin ƙiyasin Griffith na 1847 zuwa 1864 yana nuna wanda ke riƙe da kowane gida da gona.

Ya Edita, abin da ke ci mini rai shi ne namu. A Kebbi sunan uba ne sunan dangi, yana sauyawa da kowane ƙarni, don haka bin salsalarmu ya fi nasu wuya. Akwai takardun Lardin Sakkwato a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, amma littattafan alƙalai na rabon gado da takardun gonaki da rasiɗan haraji da jangali suna nan a akwatunan gidaje da fadojin hakimai, gara da ɗigar damina na cin su. Ina kira ga masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru su sa matasa su ɗauki hoton kowane shafi da waya, a rubuta garin da gidan da aka samo shi, a ajiye kwafi a wurare uku dabam dabam, asalin kuma a bar wa masu shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Birnin Kebbi