Jan hankali ga masu son giyar otomatik ta riƙa saurin canji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana da masu motoci da 'yan uwana kanikawa a kan taɓa giyar otomatik don ta riƙa shiga da sauri. Aikin yana yiwuwa, kuma idan an yi shi da sani yana iya ƙara wa giya kwana. Abin da ke damuna shi ne da yawa daga masu nema da masu yi sun ɗauka cewa da zarar mota ta fizgi mutum lokacin canji, to an samu sauri. Bugu daban, sauri daban, kuma rashin bambance su ne ke kai giya lafiyayya kan teburin kwancewa.

Idan giya za ta canja, famfo ne ke tura mai da ƙarfi, man ya ratsa gidan bawuloli da muke kira balbodi, ya je bayan fistin ya matse faifan kuloci, ko ya ɗaure bel ɗin da ke zagaye da ganga. Canjin yana da zango biyu. Na farko shi ne lokacin da mai ke cika bayan fistin kafin ya kai ga faifai, direba ya taka totur yana jira, shiru. Na biyu shi ne lokacin da faifan ke gogar juna kafin su kama gam, kuma a nan ne zafi ke tashi, faifai ke ci. Kamfanin mota yana ja wa wannan zango tsawo da gangan don kada fasinja ya ji komai. Da abu uku yake yin haka: ƙananan ramuka a farantin da ke tsakanin balbodi da jikin giya, da akumuleta, wato ɗan fistin mai sifirin da ke shanye ƙarfin mai na farko, sai kwamfuta da ke rage wa inji ƙarfi na ɗan lokaci.

A duba giyar 4L60E ta kamfanin GM, wadda ta fito a 1993. Lamba ɗaya tana kan 3.06, wato inji ya juya sau 3.06 kafin sandar fitar giya ta juya sau ɗaya, lamba biyu tana kan 1.63. Idan aka canja inji yana juyi 5,000 a minti, tilas ya faɗo zuwa kusan 2,700. Wannan saukowa ba kyauta take ba. Ko dai faifai su shanye ta a matsayin zafi idan canjin ya yi nawa, ko kuma ƙarafunan ciki su ɗauke ta a matsayin duka idan canjin ya yi kaifi da yawa. Gwanintar bakanike ita ce samun tsakiyar waɗannan biyun.

Sai a fara da sanin irin giyar. Tsofaffi irin su TH350 da TH400 na GM, da C4 da C6 na Ford, galibi da ƙarfin mai da iskar inji suke yanke shawara, don haka gyaransu na hannu ne zalla. Masu lamba huɗu na lantarki irin 4L60E ana taɓa su ta hannu da ta kwamfuta. Na zamani masu lamba shida, takwas ko goma, kusan duk aikinsu a manhaja yake. 8HP ta kamfanin ZF tun daga masana'anta tana canji cikin kimanin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, babu abin da diril zai ƙara mata. CVT kuwa ba ta da lambobin gaske, bel ne da kura biyu, wato fayafayan da bel ɗin ke zagayawa a kai, a ƙyale ta.

Kafin a sayi komai a auna lafiyar giyar. A zaro sandar mai a shinshina. Mai ja ko ruwan goro marar ƙauri ba laifi. Baƙi mai warin ƙuna yana cewa faifai sun riga sun tafi. A sauke kwanon ƙasa a duba maganaɗisun da ke ciki: laushin toka-toka kamar tozali al'ada ce, amma ɓarɓashin baƙi ko ƙyalƙyalin tagulla na nufin kwancewa ake buƙata. Sannan a ɗaura gejin awon ƙarfin mai da ya kai psi 300 a ramin gwaji da ke gefen hagu na giyar. A 4L60E ƙarfin mai a lambobin gaba yana farawa daga psi 55 zuwa 65 idan inji na silo, ya haura har 170 zuwa 190 idan kwamfuta ta nemi ƙarshen ƙarfi. In allura ba ta tashi da totur, ko tana rawa, akwai yoyo ko famfo ya gaji. Giyar da ke jinkiri saboda robar fistin ta bushe, idan aka ƙara mata ƙarfi za ta ɓoye ciwon na ɗan lokaci, daga baya ta ƙone gaba ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada.

Idan ta ci jarrabawa, kamfanoni irin TransGo da B&M da Sonnax suna sayar da kayan gyaran balbodi, kowanne da takardarsa ta shekarar giya. A bi takardar sau da ƙafa, domin farantin shekara kaza ba lallai ya yi daidai da na wata shekarar ba. Kwanon 4L60E kusoshi 16 ne. Bayan an cire filta da wayoyin solonoid, wato bawulolin lantarki da kwamfuta ke buɗewa da rufewa, kusoshin balbodi ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka a zana taswirarsu a kwali a soke kowace a gurbinta. Doguwa idan ta shiga ramin gajeruwa tana iya taɓo abin da ke juyawa a ciki. A sauko da balbodi a kwance, a hankali, domin akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe masu kaurin rubu'in inci zaune a hanyoyin mai. A ɗauki hotonsu kafin a taɓa. Ɗaya ta ɓace ko ta zauna a gidan da ba nata ba, wata lamba ta tafi ke nan. Wajen mayarwa da man basilin ake liƙe su, domin yana narkewa cikin man giya. Giris ba ya narkewa haka, yana toshe hanya.

A ɗaga farantin a hasken rana. Inda ƙwallaye ke bugawa yakan lotsa, wani lokaci har ƙwallon ta kusa ratsawa. Faranti irin wannan canja shi ake yi, ba a huda shi.

Maganar huji ita ce inda hannu ke yawan zarcewa. Girman bakin rami ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da faɗinsa. Ramin milimita 2.0 idan aka mai da shi 2.4, ido zai ga kamar ba a yi komai ba, alhali hanyar mai ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. A kai shi 2.8, ta kusa ninkawa. Shi ya sa ake farawa da mafi ƙanƙantar bitin da takarda ta ba da zaɓi, a auna bitin diril ɗin da kalifa, wato ma'aunin kauri, kafin a huda, a goge kaifin bakin ramin, a wanke farantin tas. Rami ana iya ƙara masa faɗi gobe, amma ba a mayar da ƙarfen da aka cire. A kwatanta da ƙarin ƙarfin mai: ko an ninka shi biyu, man da ke ratsa rami ɗaya da kashi 41 cikin ɗari kawai zai ƙaru. Ke nan mai murɗa sukurun solonoid ɗin ƙarfi don neman sauri ya ɗora wa famfo da robobi kaya mai nauyi a kan riba kaɗan, ga kuma mota tana zabura duk lokacin da aka sa D ko R.

Akumuleta ma haka. Fistin ɗin roba na canjin ɗaya zuwa biyu a 4L60E yana tsagewa, kuma mai da shi na alminiyum gyara ne mai kyau. Canja sifirin yadda takarda ta ce shi ma daidai ne. Toshe akumuleta gaba ɗaya da zoben ƙarfe ko goron kusa aikin motar tsere ne. A motar yau da kullum yana sa duka ko da a tafiyar cikin cunkoso, inda babu mai bukatar sauri. Akwai kuma sabo, wato fistin ɗin da ke ɗaure bel, irin na motar Corvette, mai faɗin fistin, da ke ƙara wa bel ɗin lamba biyu riƙo. Idan an sa shi, to a sassauta hannu wajen huda ramin lamba biyu, kada a tara magani biyu a ciwo ɗaya.

Wajen haɗawa, sabon gasket sama da ƙasan faranti, a tabbatar bai rufe ramin da aka huda ba, a tabbatar an maƙala bawul ɗin liba a sandarsa. Kusoshin balbodi Nm 11 kacal ake ɗaure su, da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa waje. Aka wuce haka alminiyum ya lanƙwashe, bawul ya maƙale. A zuba kimanin lita biyar, a tayar da inji, a bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ƙafa na kan birki, sannan a cika idan mai ya ɗumama, mota a wuri mai daidai.

Tsofaffin da ke da wayar totur zuwa giya, irin 700R4 da AOD, wayar nan ita ke gaya wa giya yawan ƙarfin da za ta ba faifai. Ta yi sako-sako, faifai na ƙonewa cikin 'yar gajeruwar tafiya. Da geji ake saita ta.

Ta ɓangaren manhaja, da na'urori irin HP Tuners ko EFILive ana rage lokacin da aka ɗibar wa kowane canji, a ƙara ƙarfin mai a inda totur ya buɗe sosai kawai, a bar tafiyar lallaɓa yadda take. Abin da nake roƙo a daina shi ne goge umarnin rage ƙarfin inji lokacin canji. Wannan ragewar ita ke taimaka wa inji ya sauko da wuri; an cire ta, kuloci shi kaɗai zai yi kokawa da inji mai cikakken ƙarfi. Kuma kwamfuta tana auna tsawon canji tana gyara ƙarfin mai da kanta, don haka bayan kowane aiki a goge abin da ta koya a baya, in ba haka ba za ta yi ta ja da gyaran da aka yi.

Mai kuwa a tsaya kan wanda kamfani ya rubuta: Dexron VI na GM, ATF WS na Toyota, DW-1 na Honda, kowa da nasa. Tsohuwar dabarar zuba Type F don kuloci ya kama da kaifi tana kawo karkarwa a konbatar giyoyin zamani, wato kaskon mai da ke haɗa inji da giya. Zafin da ake so shi ne digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyas; ya zarce 120, mai yana lalacewa da sauri, robobi su taurare. Ƙarin na'urar sanyaya man giya a gaban lagireto na da amfani, musamman in an sa konbata mai tashi da juyi sama, wadda ke ƙara zafi kuma ba ta rage lokacin canji ko kaɗan.

Gwajin hanya a fara shi da ɗan totur, a bi lambobi duka sau da yawa, sannan rabi, sannan a taka sosai. A sa ido kan allurar juyin inji. Ta yi tsalle sama tsakanin lambobi, to wanda zai saki ya saki kafin mai kamawa ya kama, faifai na gogewa. Aka ji mota ta dafe kamar an taɓa birki, to biyu sun kama lokaci ɗaya, kuma wannan ke karya ƙarfe. A 4L60E kwandon ƙarfen da ke riƙe da haƙorin tsakiya ne ke fara tafiya, mota ta rasa lamba biyu da huɗu da ribas a tare. Ɗaya daga cikin alamun nan biyu ya bayyana, a tsaya a koma kan aikin. Canjin da ke sa tayar baya ƙara a busasshiyar kwalta kuwa, a kwana ranar ruwan sama yana iya juya mota, don haka a rage shi kafin a miƙa wa mai ita makulli.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani bakaniken giyar otomatik