A binciki jinyar cikin gida a Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga masu neman digirin digirgir a fannin jinya, musamman 'yan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su leƙa cikin gidaje.

Innarmu na da ciwon suga, ga gyambo a diddige. Wata nas maƙwabciyarmu ke shigowa bayan la'asar ta wanke mata. Kafin ta kwance bandeji sai ta zauna bakin tabarma ta ce, "Inna, ya jiki? Me kuka ci? Ya kuke alwala da ƙafar nan?" Da ta ji fura ce abincinta na rana, ba ta hana ba, cewa ta yi a rage, a daina zuba sukari. Innar da ke ɓoye magani ƙarƙashin filo, yau ita ke tuna mana lokacinsa.

A Ingila wannan aiki ne mai albashi, tun 1859 aka soma shi a birnin Libaful. Mu kuwa sai mai sa'ar maƙwabci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. To, nawa ke isa ga wanda ba ya iya tashi daga shimfiɗa?

Ƙananan hukumomi 23 gare mu. A je Gudu ko Isa a ji ta bakin marasa lafiya da masu jinyarsu, ba ƙirga gadajen asibiti kawai ba. Sakamakon kuma a fito da shi da Hausa.

Wassalam,
Wata mai karatu, Sakkwato