An ce in sa su riƙa motsa baki kawai

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a?

Ni sabuwar malamar kiɗa da waƙa ce. Bana na kama aiki, aka kuma ɗora mini shirya bikin waƙe-waƙen da ɗalibai ke yi a gaban iyaye kafin a tafi hutu. Zaɓen waƙoƙi bai ba ni wahala ba. Na ɗauki kaɗan masu sauƙin amshi, waɗanda ba su wuce matakan sauti takwas na do-re-mi ba, tunda muryar yaro ba ta da faɗi.

Damuwata samarin ajin sama ce, 'yan shekara 12 zuwa 14, waɗanda muryarsu ta fara fashewa. Yaro zai ɗauko baiti lafiya lau, a tsakiya muryar ta kufce masa ta yi tsuwa, 'yan aji su kwashe da dariya. Ba ganganci ba ne, Anti. A wannan shekarun maƙogwaron namiji girma yake, muryar kan sauka kusan matakai takwas cur kafin ta zauna, kuma abin kan ɗauki watanni, wani ma fiye da shekara. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa riƙe baituka, ya daina zuwa gwaji.

Shugaban makaranta ya leƙo ya saurara, ya ce in jera su a sahun baya su riƙa motsa baki ba sauti, wai haka aka saba. Zuciyata ta ƙi. Yaron da aka ce ya yi shiru a gaban iyayensa ya san abin da ake nufi.

Na gwada saukar da sautin waƙar ƙasa a kibod ɗin kiɗa don ya dace da samarin, sai 'yan mata da ƙananan suka nutse, ba a jin su. Abin da nake so yanzu shi ne in rubuta wa samarin nasu layi na ƙasa, mai sauti uku ko huɗu, wasu kuma in ba su ganga. Amma hakan na cin lokaci, ga jarrabawa ta ƙarato, malamai ba sa son sakin yara.

Anti, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Ta yaya zan faɗa wa shugaba ban yarda ba, ba tare da ya ɗauke shi raini ba? Ko in fara tambayar samarin abin da suke so?

Taki,
Wata malama