Zuwa ga Malamin da ya ce roka wasan masu kuɗi ne

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka yi min a gaban jama'a ranar nan ban ba ta haƙƙinta ba, domin lokaci ya ƙure, kuma ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Cewa ka yi tun 1969 Amurka ta sauke mutane a duniyar wata, amma yau bayan shekara 50 da ɗoriya ana ta shewa don rokar wani attajiri ta tashi ta dawo ta tsaya da ƙafafunta. Ka ce ina ci gaban yake, ko dai wasan masu kuɗi ne kawai?

In da nisa za a auna, ka ci gari. Tun da kumbon Apollo 17 ya baro wata a Disambar 1972 babu wanda ya sake taka shi. Wata yana nisan kusan kilomita 384,000, ita kuwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa da ake ta kai-komo zuwa gare ta, kilomita 400 ce kacal sama da kanmu. Sai dai ni ba da nisa nake aunawa ba. Abin da nake dubawa shi ne nawa aka kashe, kuma ko za a iya sake tafiyar wata mai zuwa.

Rokar Saturn V da ta kai mutane wata, kowace ɗaya tafiya ɗaya take yi, gangar jikinta ta faɗa teku ko ta ɓace a sama. Gasa ce da Tarayyar Sobiyet, wadda ta riga Amurka kai mutum sararin samaniya da Yuri Gagarin a 1961, kuma da aka ci gasar sai bakin aljihu ya tsuke. Daga baya Amurka ta gwada kumbon nan mai fukafukai da ke sauka kamar jirgi, ya yi tafiya 135 tsakanin 1981 da 2011. Gyaransa bayan kowace tafiya ya cinye ribar da aka yi tsammani, kuma haɗurra biyu, na Challenger a 1986 da na Columbia a 2003, sun ci rayuka 14. Da aka ajiye shi, sai ga ƙasar da ta je wata tana sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, 'yan sama jannatinta suna tashi daga Baikonur a Kazakistan, har kuɗin kujera ɗaya ya haura dala miliyan 80. Kusan shekara 9 aka yi a haka.

Wahalar ba a tashi sama take ba. Kafin abu ya zauna yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, sai ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa guda. Shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka makamashi ne. Abin mamakin shi ne makamashin ba shi ne mai tsada ba. Injina da gangar jiki su ne kuɗin, kuma su ake zubarwa a kowace tafiya. Duk wanda ya iya dawo da su lafiya ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Nan ne kamfanin SpaceX ya shigo. An kafa shi a 2002, ƙaramar rokarsa Falcon 1 ta gaza sau uku a jere, sai a karo na huɗu, a Satumbar 2008, ta kai. Ka lura da abin da ya biyo baya, domin yana taɓa maganarka ta masu kuɗi: a Disambar wannan shekarar NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6 don kai kaya Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Wato kuɗin gwamnati ne ya tsayar da kamfanin da ƙafarsa. Abin da ya sauya shi ne salon cinikin. Da can gwamnati ke biyan duk abin da ɗan kwangila ya kashe, ta ɗora masa riba. Yanzu ana yanka farashi tun farko, in ka wuce shi asararka ce.

A Disambar 2015 sashen farko, wato na ƙasa, na rokar kamfanin Falcon 9 ya dawo ya sauka a Filorida, a Maris na 2017 kuma aka sake harba wanda ya taɓa tashi. Yau akwai waɗanda kowannensu ya yi tafiya fiye da 20, kuma a 2024 kaɗai kamfanin ya harba rokokin Falcon fiye da sau 130. Ni kam a nan na ga ci gaban, ranar da saukar roka ta daina zama labari.

Ɗaukar mutum kuwa wani babi ne daban, kuma a nan nake ƙoƙarin rage zumuɗi. A 2014 NASA ta raba kwangilar kai 'yan sama jannati gida biyu, Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX dala biliyan 2.6. Mutane da yawa sun ɗauka tsohon hannu ne zai riga. Sai ga shi ran 30 ga Mayun 2020 Bob Behnken da Doug Hurley sun tashi a kumbon Dragon na SpaceX. Shi kuwa Starliner na Boeing, a gwajinsa na 2019, babu kowa ciki, agogon kwamfutarsa ya yi kuskuren awa 11, bai isa tashar ba. Da ya ɗauki Butch Wilmore da Suni Williams a Yunin 2024 don tafiyar da aka shirya ta kwana 8, ƙananan injinansa suka ba da matsala, iskar hiliyam tana yoyo. NASA ta ce ba za ta yi caca da rai ba, kumbon ya dawo fayau, su kuma sai Maris na 2025 suka sauko a Dragon, bayan wata tara. Da kamfani ɗaya aka ba kwangilar, kuma ya zamana Boeing ne, da an koma roƙon kujera wajen Rasha.

Akwai ɓangaren da ba zan yi musu da kai ba. Tafiyar da attajirin nan Jeff Bezos ya yi a Yulin 2021 a rokar New Shepard, minti 10 da ɗan kai ce, an haura kilomita 100 an faɗo da laima. Leƙe ne, ba kewaya duniya ba, kuma in ka kira shi yawon buɗe idon attajirai ba ka yi ƙarya ba. Amma kada ka haɗa shi da tafiyar Polaris Dawn ta Satumbar 2024. Ita ma attajiri ne, Jared Isaacman, ya jagorance ta, sai dai sun kai nisan kilomita 1,400, sun buɗe ƙofar kumbo sun gwada sabuwar rigar sararin samaniya da jikinsu. Kuma duk wannan hidima ba ta kamfanoni kaɗai ba ce: Sin, da kuɗin gwamnati, ta kammala tasharta Tiangong a 2022, mutanenta na zaune a ciki.

Babban ɓangaren maganar komawar Amurka wata ya rataya ne a kan Starship, babbar rokar SpaceX wadda NASA ta zaɓa a 2021 don sauke mutane a can. Tsayinta ya kai kusan mita 120, injina 33 ke ɗaga ta. Tashinta na farko a Afrilun 2023 ya ƙare da tarwatsewa, amma ran 13 ga Oktoban 2024 na ga abin da ban zaci zan gani ba: sashen ƙasanta ya dawo Tekzas, hasumiyar da ta harba shi ta cafke shi da hannuwan ƙarfe biyu. Na sake kallon hoton ya fi a ƙirga.

Duk da haka ban yarda da ranakun da Elon Musk, shugaban SpaceX, ke sakawa ba, ya sha sa rana ta zo ta wuce. Kafin Starship ta isa wata, sai an cika mata tanki tana cikin kewaya duniya, wasu kumbunan su yi ta sawu suna kai mata iskar metan da oksijin masu tsananin sanyi, waɗanda ke tsiyayewa in aka jinkirta. Ranar da ka ji an ɗura wa wata Starship mai daga 'yar'uwarta a sama, kuma an maimaita, ka neme ni mu sake zama a kan tambayarka.

Wassalam.