Wasiƙa Daga Garwa Kan Tafiyata Ta Keke

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da sauran 'yan'uwanmu na Yawunde. Mu ma nan Garwa lafiya lau, ruwa ya ɗauke, manoma sun shiga cirar gyaɗa, kuma Hajiya ta ce lallai in isar maka da gaisuwarta.

Saƙonka ya iso, na kuma fahimci damuwar da ke cikinsa. Abin da ƙanena ya faɗa maka gaskiya ne: na yi niyyar hawa keke ni kaɗai daga nan zuwa Ngaundare, in wuce har Meiganga, in dawo, ina kwana a tanti a hanya. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin magana a waya ba ta barin mutum ya shimfiɗa dalilansa, kai kuwa ka cancanci ka ji su daki-daki.

Shekara ashirin ke nan ina bin wannan hanya a motar haya saboda sarin atamfa, amma in ka tambaye ni abin da na sani game da ita, ban wuce sunayen tashoshi da wuraren da jandarmomi ke tsayar da mu ba. Ƙauyukan da ke tsakani sai dai in hange su ta taga cikin ƙura. Ina so in bi ƙasar nan a hankali, in yi salla a masallatanta, in sha ruwan rijiyoyinta, tun ƙafafuna suna da sauran ƙarfin taka feda.

Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne, daga can zuwa Meiganga kuma kusan 160, don haka zuwa da dawowa, haɗe da ratsen da zan yi zuwa Lagdo, tafiyar za ta haura kilomita 900. Na ware mata mako uku, a kan kilomita 60 zuwa 70 a rana, da kwanakin hutu a tsakani. Ranar farko zan ƙetare gadar Binuwai in ratse zuwa Lagdo in ga madatsar ruwan da 'yan Sin suka kammala a 1982, wadda muke shan wutarta da cin kifinta alhali ban taɓa tsayawa a bakinta ba. Daga nan in koma babban titi ta Ngong da Guna har Mbe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hawan da ke gaba da Mbe, inda hanya ke murɗawa tana hawa tudun Adamawa, domin Garwa ba ta fi mita 250 a saman teku ba, Ngaundare kuwa tana wajen mita 1,100. Na riga na yanke cewa inda hawan ya fi ƙarfina zan sauka in tura, ko da wurin nan kaɗai zai cinye mini yini guda.

Da farko zuciyata arewa ta so, in ga duwatsun Rumsiki, in kai Mora da Waza, amma halin tsaron da yankin iyaka ke ciki tun shigowar Boko Haram ya sa na cire wannan daga lissafi. Haka na bar hanyar Tuboro mai fita Mundu a Cadi saboda masu satar mutane don kuɗin fansa. Zan tashi a farkon Disamba, lokacin da sanyi ya sauka, tun kafin zafin Maris da Afrilu wanda ka san yadda yake haura digiri 40 a garin nan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, ke nan za ta taimake ni a tafiya kudu, ta kuma tare ni a dawowa, shi ya sa na ƙara wa dawowar kwana biyu.

Batun wurin kwana shi ne zuciyar shirin, kuma da wahala na koyi darasinsa. Watan jiya na yi gwaji zuwa Gidar, na bi ta Fitowa da Figil don in ga kwazazzabon Kola. Da magariba ta gabato sai na ratse daga titi na kafa tantin aro a gindin wata tsamiya, ina ganin nesa da mutane ya fi kwanciyar hankali. Wajen tsakar dare hasken tocila ya cika tantin, na leƙo na tarar da 'yan sintiri huɗu riƙe da kwari da baka, domin wani makiyayi ya hangi baƙo yana ɓuya a daji ya kai labari. Da na yi musu bayani da Fulatanci na nuna katin shaida, sai suka ɗauki kayana da kansu suka kai ni zauren jauro, wato mai garin. Dattijon bai yi mini faɗa ba, ya sa aka kawo mini kunu da tabarma, sa'an nan ya gaya mini cewa a zamanin nan duk wanda ya kwana inda ba a san da shi ba ya jefa kansa da ƙauyen cikin zargi. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: kafin la'asar sakaliya in kasance cikin gari, in fara gaida jauro ko liman, in nemi izini, in kafa tanti inda suka nuna mini. Malaminmu ma da na kai masa maganar ya tuna mini cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi gargaɗi a kan tafiyar mutum shi kaɗai da dare, ya kuma yi mini bitar hukuncin ƙasaru da taimama.

Gwajin ya kuma nuna mini raunin keken. Sau uku na yi faci a rana ɗaya saboda tsidau da ƙayar aduwa, kuma sipok biyu suka tsinke a ƙafar baya don nauyin da na ɗora wa kariya. Yanzu bakanike ya sake ɗaure ƙafar, ya sa sabuwar sarƙa da robar birki, na kuma zauna a rumfarsa yini biyu har na iya gyara su da hannuna. Na raba kayan gaba da baya, na ɗinka jakunkuna biyu na tamfol da za su rataya a gefen kariya. Ruwa shi ne mafi nauyi, lita takwas a kullum, wato kilo takwas, kuma ba zan rage ba, domin tsakanin Guna da Mbe, inda titi ke bin gefen gandun dajin Binuwai, ƙauyuka sun yi nisa da juna. A wannan yanki akwai tsando, kuma tun da baƙi da shuɗi ne ke jawo shi, fararen kaya masu dogon hannu zan sa. Guzurina kilishi ne da ƙuli-ƙuli da dabino da garin rogo, sai ƙaramin risho da butar shayi. Gidan sauro da bargo kuwa dole ne, don sanyin asubar Adamawa ba irin namu ba ne.

In gaya maka gaskiya, manyan motoci sun fi ba ni tsoro a kan namun daji. Kayan da jirgin ƙasa ke saukewa a Ngaundare ta wannan titi ake kai su arewa da Cadi, ga kuma motocin auduga da za su fara zirga-zirga a daidai lokacin. Na sa madubi a keken, na sayi riga mai ƙyalli, kuma duk lokacin da na hangi tirela a baya zan sauka gefen titi in ba ta hanya. Kuɗi kaɗan zan riƙe a jiki, sauran suna cikin waya.

Alfarma biyu nake nema a wurinka. Ta farko, ka duba mini a kasuwar Mokolo ta nan Yawunde ko za a sami tanti mara nauyi na mutum ɗaya da tayoyi biyu masu kauri, lamba 26, ka ba mota ta kawo mini kafin ƙarshen Nuwamba, ka faɗa mini kuɗin in turo. Ta biyu ta fi girma: ina so kullum bayan sallar isha'i in kira ka in gaya maka sunan ƙauyen da na sauka da wanda ya sauke ni, in kwana biyu suka wuce ba ka ji ni ba, ka sanar da ƙanena inda ka ji ni na ƙarshe. Hajiya ba ta amince da tafiyar ba sai da na ce mata kai ne za ka riƙe wannan amana.

Idan aiki ya ba ka dama, jirgin ƙasan da ke tashi daga Yawunde da yamma yana wayar gari a Ngaundare, ni kuwa ina sa ran isa can a kwana na shida in huta kwana biyu. Ka zo mu yi Juma'a tare a masallacin ƙofar Lamiɗo, mu je mu ga inda ruwan kogin Vina ke zubowa daga dutse. Ka gaida mutanen gida duka, ina jiran amsarka.

Wassalam,
Naka amini.